Rami Na Huɗu Babu Albarushi

A ƙungiyarmu ta masu harbi da bindigar ɗuri, ni ake nuna wa sabon zuwa idan ana so a kwantar masa da hankali. Mutum zai zo ranar Lahadi da zumuɗinsa, ya harba, harsashi ya wuce allo ya je ya gaishe da tudun ƙasar da ke baya, ransa ya ɓaci. Sai Osvaldo, bakaniken tarakta da muke kira Ƙato, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kada ka damu, ɗan'uwa. Ka ga wancan mai sanƙon? Fermín ke nan, mai kemis. Ya kusa shekara goma a nan, har yau shi da tsakiyar allo ba su taɓa gaisawa ba." Ni kuma in ɗaga hannu in yi murmushi, domin ƙarya dai bai yi ba.

Amma akwai abin da ko Ƙato ba ya musu da ni a kai, wato ɗuri. Bindigoginmu ƙanana ne, sabuwar ƙira a kan samfurin na zamanin kakannin kakanni, masu 'yar ganga mai rami shida da ke juyawa. Ba a zura masu harsashi a wuce wurin. Kowane rami sai ka tsaya ka yi masa hidima. Ka auna albarushi ka zuba, ka bi shi da ɗan tsakin masara don ya cike gurbi, ka ɗora dunƙulen dalma ka danne shi da sandar da ke ƙarƙashin bututu, ka shafe bakin da kitse da kakin zuma. A ƙarshe, sai ka tsaya a layin harbi, sannan ka sa wa bayan ramin 'yar hular tagulla wadda ba ta kai ƙwayar wake ba, ita ce mai ba da tartsatsi. Ni da na ƙare rayuwata ina auna garin magani, wannan aikin a jinina yake. Ɗurina fes. Abin da ke biyo baya ne dai sai haƙuri. Matata Mabel ta ce ni kaɗai ta sani da ke ɓata rabin sa'a yana shirya abu tsaf don ya aika shi inda ba a nemansa. Ta kuma hana ni busar da bindiga a tanderunta bayan na wanke, tun ranar da kek ɗin ƙanwarta ya fito yana warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Don Hilario Etchegoyen ne ya kafa ƙungiyar tun ina makaranta. A wurinmu, Don laƙabin girmama dattijo ne. Tsohon mai gwanjon shanu ne, mutumin da ya ci abinci da bakinsa, dogo, mai gira kamar tsintsiya. Yana kirana yaro duk da na haura hamsin. Dokokinsa biyu ne, kuma ba a rubuta su ko'ina ba. Ta farko, kowa ya ɗura tasa, ba ka harba abin da wani ya ɗura tun da ba ka san abin da ke ciki ba. Ta biyu, ba a yi wa mai ɗuri magana. Ko gidansa ke cin wuta, a bari ya gama ramin da yake kai. Dalili kuwa, da mutum ya ɗago ya amsa maka, sai ya manta bai zuba albarushi ba, ya danna dalma a kan tsaki zalla. Wanda duk ya yi wannan abin kunya, Lahadi mai zuwa shi zai tuƙa wa kowa polenta, wato tuwon masara irin namu, daga buhun tsakin nan. Ƙato ya tuƙa har ya ƙware, yana ma sa cuku. Mutum biyu ne kawai ba su taɓa tuƙawa ba, ni da Don Hilario. Wannan ne kaɗai layin da sunana da nasa suka taɓa haɗuwa, kuma ina ji da shi fiye da yadda ya kamata.

Da kaka ta shigo bana, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi. Allah ya taƙaita, bakinsa ya dawo daram, ƙafa ma ta dawo da taimakon sanda. Hannun hagu ne ya ƙi. Yatsun ba sa haɗuwa, suna ta karkarwa kamar suna jin sanyi su kaɗai. Harbi da hannu ɗaya muke yi, kuma damansa lafiya lau. Ɗuri ne sai da biyu.

Sau ɗaya ya zo ya gwada. Ya zuba albarushi, rabi a rami rabi a tebur. Da ya zo sa huluna sai gwangwanin ya kife, suka watse a ƙasa. Mu duka muka duƙufa kan bindigoginmu kamar yau muka fara ganinsu. Ya tattara kayansa, ko mate, shayin ganyen da muke zagayawa a ƙoƙo ɗaya, bai tsaya ya kurɓa ba, ya fita. Daga ranar ba mu sake ganinsa ba.

'Yarsa Noemí ce ta zo kemis karɓar maganinsa ta faɗa mini. Za ta tafi da shi birnin Rosario, wurinta. Tun rasuwar mahaifiyarta take roƙonsa, yana cewa shi ba inda za shi, yana da ranar Lahadi.

Ta ce, "Yanzu ya ce to, Fermín. Babana fa. Ya ce to, ko gardama babu. Ya kamata in ji daɗi, amma tsoro abin ya ba ni. Yini yake a kujera, ko rediyo ba ya kunnawa."

Na naɗe mata maganin, na ce Allah ya ƙara sauƙi. Iyakar hikimata ke nan a ranar.

Lahadin ƙarshe kafin tafiyarsa, sanyin Yuli, wanda shi ne tsakiyar hunturu a nan kudancin duniya, ya sauko sosai, raɓa ta daskare a kan ciyawa. Muna tsaye muna zagaya ƙoƙon mate sai ga motar Noemí. Ita ta zauna a ciki. Shi ya fito yana dogara sanda, akwatin katakonsa a hammata. Ya gaisa da kowa, ya wuce kai tsaye teburina ya ajiye.

"Yaro, taka ce."

Na buɗe. Bindigarsa ce, wadda mariƙinta ya yi baƙi saboda shekarun da ya yi a tafinsa.

Ƙato ya ce, "Haba, Don Hilario! Duk cikinmu ka rasa wanda za ka ba sai wannan? Me bindigar ta yi maka?"

"Kai za ka bar ta ta yi tsatsa a ƙarƙashin kujerar tarakta. Shi ko bai sami allo ba zai wanke ta."

Aka yi dariya, amma gajera. Na tsaya riƙe da murfin akwatin. Na san in na ce na gode, shi ke nan, ya juya ya shiga mota. Ni ba jarumi ba ne, ko mai kawo mini kaya a kemis ba na iya ce masa ya yi tsada. Amma na ji bakina yana cewa, "Ba zan karɓa ba, Don Hilario."

Girar nan ta tashi. "Me ka ce?"

"Ban san inda take kai harsashi ba. Kowace bindiga da halinta, kai ka koya mana. Ka nuna mini tukuna."

"Kana yi mini ba'a ne? Ka ga abin da ya faru rannan."

"Ni zan ɗura. Kai ka harba."

"Ka manta doka."

"Ai ba ni na kafa ta ba."

Ya juya wurin Zulema, likitar dabbobi, wadda usur ɗin filin ke wuyanta. In ta ce a tsaya, ko shugaban ƙungiya tsayawa yake. Ya ce, "Likita, gaya wa yaron nan."

Zulema ta zuƙi mate ɗinta har ƙoƙon ya yi ƙara, sannan ta ce, "Dokar ta ce ba ka harba abin da ba ka san cikinsa ba. To ka tsaya a kansa ka gani mana. Idonka ai bai shanye ba, Don. Kuma in da a ce Ƙato ne zai ɗura, da ni da kaina zan kira 'yan kwana-kwana."

"Ni me na yi kuma?" in ji Ƙato.

Tsohon ya daɗe yana kallon allunan da ke can gaba. Can ya jingine sandarsa a tebur. "Rami shida. Don dai ka ga inda take kai wa. Daga nan in tafi."

Na kafa bindigar a mazauninta, baki sama, na jera kayana. Wanda ya hana magana a kan mai ɗuri kuwa, ashe bai taɓa tsayawa yana kallon wani yana taɓa masa bindiga ba.

"Ka cika awon nan."

Na ci gaba da zubawa.

"Ba haka ake riƙe sandar ba. A hankali, ba ƙusa kake bugawa ba. Kitsen nan na mene ne? Yana da gishiri?"

Zulema ta ce, "Don Hilario."

"Ai ban ce komai ba."

Rami na ɗaya, na biyu, na uku, duk lafiya. Na juya gangar zuwa na huɗu. Sai ya rage murya, yadda ni kaɗai zan ji.

"A hawa na bakwai Noemí take zaune, ka sani. Akwai taga. In ka leƙa, bangon wani benen kake gani. Ta ce za ta saya mini tsuntsu a keji, wai ya riƙa ɗebe mini kewa." Ya yi 'yar dariya ta hanci. "Ni da tsuntsu. Ko wa zai riƙa kallon wani, oho."

Na ɗago na dube shi. Ya kau da kai. Sai na koma kan aikina, na ɗebi tsaki na zuba, na ɗora dalma na danne. Na lura ta ɗan nutsa fiye da 'yan'uwanta, amma hankalina yana can hawa na bakwai, na shafe da kitse na wuce. Shi ma da aka ce ya sa ido, idonsa na kan tudun ƙasa.

A layi na sa masa hulunan ɗaya bayan ɗaya, na miƙa masa. Zulema ta busa usur. Ya tsaya a karkace yadda ya saba, ya cusa hannun hagun a aljihu, ya ɗaga na dama. Duk karkarwar nan tana cikin aljihu, ba wanda ke ganinta. Abin da muke gani shi ne Don Hilario na da.

Bindiga ta yi tsawa, farin hayaƙi ya turnuƙe rumfar. Ƙato da ke leƙe ta madubin hangen nesa ya ce, "Baƙi!" Wato baƙin da'irar da ke tsakiyar allo. Na biyu ma a cikin baƙin. Na uku ya kusa shiga hujin na farko. Na ji ƙofar mota ta buɗe a baya, Noemí ta taho ta tsaya a bakin rumfa, yatsu a kunne.

Ya ja 'yar gudumar da ke bugun hula baya karo na huɗu, ya auna, ya taɓa kunama.

Ƙyas.

Ƙarar hula kawai, kamar an karya ashana. Babu tsawa, babu hayaƙi.

Zulema ta ce, "Riƙe ta a haka, baki gaba. Kada kowa ya motsa." Wani lokaci wuta takan yi nawa sannan ta tashi, don haka muka jira. Shiru. Ya ƙarasa sauran biyun, suka tashi lafiya. Muka sa wa na huɗun sabuwar hula. Ƙyas.

A kan tebur, a gaban kowa, Zulema ta zare gangar ta kwance ɗan tsinin da hula ke zama a kai, ta kifa ramin a tafinta ta bubbuga. Tsakin masara ya zubo, rawaya shar, ko ƙwayar baƙi ɗaya babu.

Ƙato ya cire hularsa ya rungume ta a ƙirji, ya dubi sama. "Na gode maka, Ubangiji, da ka bar ni na ga wannan rana. Mai kemis! Sarkin awo! Jama'a, duk wanda ya sayi magani a wurinsa makon nan ya je ya duba, ƙila kwalba ce zalla!"

Aka fashe da dariya har da masu buga tebur. Ni kuwa sanƙona ya yi zafi duk da sanyin. Abu ɗaya tak da nake taƙama da shi a duniya, na zubar da shi a ranar da aka fi bukatarsa, a bindigar mutumin da ya yarda da ni ya karya dokarsa. Na ce a raina, shi ke nan, na tabbatar masa dokar gaskiya ce, yanzu sai mota.

Ƙato ya ci gaba, "Lahadi mai zuwa, da cuku nake so, Fermín, da miyar tsiran alade. Zan zo da matata da surukata."

"Ba shi zai tuƙa ba."

Don Hilario ne. Bai yi dariya ba, girar nan ta haɗe.

"A'a, Don, kada ka kare shi. Shi ya ɗura."

"Wa ya yi wa mai ɗuri magana? Likita, kin ji ni ko ba ki ji ni ba?"

Zulema ta ce, "Har shanun maƙwabta sun ji ka."

"To. Bindigar wa ce ta yi ƙyas a layi? A hannun wa? An ce in sa ido, na sa? Shekara nawa ina gaya maku ba a yi wa mai ɗuri magana, yau ga shi kun gani da idonku. Tuƙi nawa ne."

Na ce, "Don Hilario, ni na manta, ni ya kamata..."

"Rufe mini baki, yaro. Kai har ka isa ka ƙwace mini hukuncina?"

Noemí ta matso. "Baba, ranar Asabar motar kaya za ta zo fa."

"Sai ta koma. Ban taɓa barin gari da hukunci a kaina ba, ba kuma zan fara don tsuntsu ba."

"Wane tsuntsu?" in ji Ƙato.

Noemí ta tsaya tana kallon mahaifinta yana huci, yana nuna mutane da yatsa. Na ga leɓenta yana rawa, na ɗauka kuka za ta yi, sai na ga murmushi take dannewa. Ta ce, "To, Baba, ka yi ta gardamarka."

Muka turo dalmar da siririn ƙarfen tagulla, aka mayar da ganga. A wurinmu harbi goma sha uku ake yi, a ƙirga goma mafi kyau, ukun da suka fi muni a yafe su. Tsohon ya ce tun da an fara, ba a barin allo da rabin aiki. Na sake ɗurawa. Wannan karon ya tsaya a kaina ya kama bakinsa, da ƙyar, har ina jin numfashinsa a ƙeyata. Duk ramin da na zuba wa albarushi sai ya leƙa ya gyaɗa kai. Da aka ƙirga, gomansa ya fi na Ƙato. Zulema ta ce ya sani fa wannan ba zai shiga gasar ƙasa ba, can dole kowa ya ɗura da hannunsa. Ya ce gasar ƙasa ta sha zamanta, shi Ƙato ya zo kayarwa.

Lahadin da ta biyo baya ya riga kowa zuwa. Sai a bakin murhu muka tuna cewa polenta ma sai da hannu biyu. Na riƙe tukunya da tsumma, shi yana tuƙi da dama, tururi yana dukan fuskata, yana yi mini faɗa wai ina karkata ta. Ta yi gudaji ba kaɗan ba. Ƙato ya ce bai taɓa cin polenta mai ƙashi ba sai yau, ya kuma ƙara faranti biyu.

Maganar Rosario ba ta mutu ba. Noemí ta ce a bari sanyi ya wuce a gani, ta kuma samo wata mata da ke zuwa masa da safe. Hannun hagun yana nan yadda yake, sai dai ya sa na kawo masa gwangwanin hulunan da aka riga aka harba, yana zama da rana yana tsintarsu ɗaya ɗaya daga faranti zuwa kofi. Ya ce rannan ya tsinci biyar kafin ya zagi kofin.

Mabel ta yi imani da gangan na bar ramin nan babu albarushi. Noemí ma haka, har da kawo mini kwalbar giya ta ajiye a kan teburin kemis, ta matse mini hannu. Na gaya masu gaskiya sau ɗaya, cewa mantuwa ce irin ta kowane sakarai. Suka dube ni irin kallon da ake yi wa mai tawali'u. Tun daga nan na daina musu. A shekaruna, in mata biyu suka haɗu suka ce kana da wayo, ba ka kai ƙara.

Bayan an ci an wanke tukunya a ranar, na ga ya ɗauki akwatin katakon ya sa a hammata. Na ce, "Don Hilario, na ɗauka ka ce tawa ce."

"Na fasa. Mutumin da ke manta albarushi ba a sakar masa bindiga. Sai an sa masa ido."

"Har yaushe?"

"Har ka koya. Kuma da ganin kanka, abin zai ɗauki lokaci." Ya nuna teburina da sandarsa. "Jera kayanka, yaro. Rana tana yi."